Makullin gida daban, yawun maigida daban: hanyoyin duba izinin akwatin imel daga cikin Outlook

Wata Laraba cikin hunturu ina shagona a wajen Ƙofar Ƙaura sai wayata ta yi ƙara. Hajiyar da ke riƙe da ofishin wani Alhaji ce, mai harkar taki da iri, babban ofishinsa a nan Katsina, reshe a Daura. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam, abin nan naka ya ce ya aika, amma bai aika ba. Mutumin Mai'aduwa yau kwana biyu yana jiran farashi."

Abin nawa da take nufi wata ƙaramar manhaja ce da na maƙala musu a cikin Outlook, manhajar imel ta Microsoft. Madanni ɗaya ne a saman allo. In dillali ya rubuto yana tambayar farashi, sai a danna, manhajar ta haɗa amsa da sunan Alhaji, ta aika, ta kwashe wasiƙar zuwa foldar da aka ware. Hajiya ta yi shekara tana amfani da shi lafiya lau. Da na isa ofishin ta juyo mini da allon kwamfutarta, ta goge ƙurar da ke kai da gefen mayafinta, muka kira sabon akawun da aka ɗauka a Daura. Na ce ya bar akwatin Alhaji ya leƙa nasa na kansa. Ga su nan jere, saƙonni bakwai daga Exchange, sabar da ke riƙe da akwatunan imel ɗinsu, kowanne yana cewa ba a aika wasiƙarka ba domin ba ka da izinin aikawa a madadin wannan mutumin. Yaron bai gan su ba, don idonsa yana kan akwatin Alhaji tun safe har yamma.

Laifin na manhajata ne. Na rubuta ta ne ta duba ko mutum yana iya buɗe akwatin Alhaji, in yana iya sai ta kunna masa madannin. Shi kuwa akawun an ba shi izinin buɗewa, ba a ba shi na aikawa ba. Wannan abu ya dame ni ƙwarai, domin wanda ya sha faɗa ranar ba ni ba ne, yaro ne da bai yi wata biyu da kama aiki ba. Tun daga nan na zauna na bi duk hanyoyin da ake tambayar izini daga cikin irin wannan maƙalalliyar manhaja, kuma abin da na tarar shi ne ba su amsa tambaya iri ɗaya.

Dalili kuwa, a Exchange izini ba abu ɗaya ba ne. Akwai wanda suke kira Full Access, shi ne makullin gida: ka shiga ko'ina, ka karanta, ka goge, ka kwashe, amma bai ba ka ikon aika ko wasiƙa ɗaya da sunan maigidan ba. Akwai Send on Behalf, wato magana da yawun maigida, inda mai karɓar wasiƙa zai ga sunanka da nasa tare, wane a madadin wane. Akwai Send As, wanda ya fi su nauyi, domin wasiƙar za ta fita kamar Alhaji ne ya buga ta da hannunsa, babu alamar ka. In aka haɗa wa mutum na biyu da na uku, Send As ne ke aiki. Waɗannan ukun yawanci mai kula da tsarin ofis ne ke bayar da su. Bayansu kuma akwai izinin folda-folda, wanda mai akwatin da kansa yake rabawa daga Outlook: wannan ya karanta kawai, wato Reviewer, wancan ya rubuta ya gyara nasa, wato Author, ɗayan ya gyara na kowa, wato Editor, har zuwa Owner. Kowane iri a wurinsa daban ake ajiye shi, shi ya sa babu ƙofa ɗaya da za ka ƙwanƙwasa a ba ka duka.

Zan fara da tsohuwar hanya, tunda ita ce ta kayar da ni. In manhajarka irin ta COM ce ko VSTO, wadda ake girkawa a kan Outlook na gargajiya a Windows, kana da PropertyAccessor, abin karanta ɓoyayyun bayanan folda da wasiƙa, tun daga Outlook 2007. Da shi za ka karanta PR_ACCESS na folda, mai lamba 0x0FF40003. Lamba ɗaya zai ba ka wadda ta ƙunshi amsoshi shida: 1 gyara, 2 karatu, 4 gogewa, 8 ƙirƙirar ƙaramar folda, 16 zuba sabon abu a ciki, 32 ajiye ɓoyayyun bayanan folda. Akwai kuma PR_RIGHTS, 0x66390003, wanda ya fi shi rarrabewa, domin yana bambanta gyara abin da kai ka rubuta da gyara na kowa. Daɗin wannan hanya shi ne sauri. Ba ka neman tikitin shiga, ba ka neman yardar kowa, layi biyu ka gama. A wurin da intanet ke zuwa yana ɗaukewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai a saurin nan ne matsalar take. Yawancin kwamfutocin ofisoshinmu suna ajiye kwafin akwatin a cikinsu domin a iya aiki ko babu layi, kuma amsar da za ka samu tana iya zama ta kwafin, ba ta sabar ba. An janye wa mutum izini da safe, kwamfutarsa ba ta ji labari ba tukuna. Sannan lambar tana gaya maka abin da wanda ke zaune a gaban allon zai iya yi ne kaɗai. In kana son jerin duk waɗanda ke da izini a kan foldar, abin da Outlook ya buɗe wa masu rubuta manhaja bai kai nan ba, sai ka gangara Extended MAPI, ƙofar da ke can ƙasan Outlook, da harshen C++, ko ka sayi Redemption, kayan aikin wani kamfani, wanda ya sauƙaƙa karanta teburin izinin. Maganar aikawa kuwa, shiru. Ana iya tono sunayen masu Send on Behalf daga littafin adireshi, amma Send As ba ya nan. Kuma in ka cika SentOnBehalfOfName ka kira Send, Outlook zai karɓa ba musu, ƙin yardar sai daga baya ta dawo a matsayin wasiƙa, cikin akwatin wanda ya danna. Abin da ya faru da yaron Daura ke nan.

Ko da babu wannan duka, hanyar tana da wa'adi. Sabon Outlook na Windows, wanda aka sake wa kamfanoni a watan Agusta 2024, ba ya ɗaukar manhajojin COM da VSTO sam. Microsoft ta ce za ta ci gaba da riƙe na gargajiyar har aƙalla 2029. Wanda yake da tsohuwar manhaja tana aiki, yana da lokacin shiri. Wanda zai fara sabon aiki yau, ban ga hujjar ya gina a nan ba.

Hanya ta biyu ita ce ta manhajojin da ake rubutawa da JavaScript a kan Office.js, waɗanda ke tafiya a Outlook na burauza, da sabo da tsohon na Windows, da na Mac. A nan akwai abu ɗaya da aka yi musamman domin wannan buƙata, sunansa getSharedPropertiesAsync. Ya shigo ne a rukunin ayyukan Office.js mai suna Mailbox 1.8 domin foldojin da aka raba, sannan a 1.13 aka ƙara akwatunan haɗaka, irin wanda ma'aikata da yawa ke buɗewa tare. Kafin ya yi aiki sai ka rubuta SupportsSharedFolders a fayil ɗin manifes, wanda ke gabatar da manhajarka ga Outlook, ka sa shi true, in ba haka ba manhajarka ba za ta ma fito ba idan mutum yana cikin akwatin wani. Na ga masu koyo sun ɓata yini guda a kan wannan layin.

In ka kira shi a kan wasiƙar da ke foldar wani, zai ba ka adireshin mai akwatin, da akwatin da za ka nufa in za ka yi wani aiki, da lambar delegatePermissions. Ita ma tarin lambobi ce: karatu 1, rubutu 2, goge naka 4, goge na kowa 8, gyara naka 16, gyara na kowa 32. Wanda aka ba karatu kaɗai zai fito da 1. Wanda ke karantawa, yana rubutawa, yana gyarawa da goge nasa, zai fito da 23. Mai duka zai fito da 63. Kar ka kwatanta lambar gaba ɗaya, ka ce in ba 63 ba ce a kulle. Ka tsinci ƙwayar da kake buƙata. In madanninka gyara wasiƙar wani zai yi, 32 kake nema a ciki, sauran ba ruwanka.

Ina son wannan hanya saboda ba ta neman ka roƙi babban iko. Manhajar Outlook tana da matakan izininta na kanta guda huɗu, daga Restricted zuwa ReadItem zuwa ReadWriteItem har ReadWriteMailbox, kuma wannan tambayar ba ta buƙatar na ƙolin. Mai kula da tsarin ofis ya fi saurin sa hannu a kan manhajar da ba ta ce a ba ta akwati sukutum ba, kuma yana da gaskiya. Amma ka san iyakarta. Karatu kawai take yi, ba a canja izini da ita. A kan wasiƙar da ke akwatin mutum na kansa, aikin ma ba ya samuwa, don haka sai ka fara duba ko yana nan kafin ka kira shi, ka kuma tambayi isSetSupported ko Outlook ɗin ya kai rukunin da kake so, musamman inda sabar Exchange a cikin gida take. Lokacin da mutum ke tsakiyar rubuta sabuwar wasiƙa ma ba kullum take amsawa ba, sai an cika wasu sharuɗɗa, kamar a ce daftarin yana ajiye a foldar da aka raba. Sannan ka sake duba lambobin nan shida da kyau. Babu aikawa a cikinsu. Da a ce da ita na yi amfani tun farko a ofishin Alhaji, da akawun Daura ya fito da cikakkiyar lamba, da na sake kunna masa madannin.

EWS, wato Exchange Web Services, ƙofar da manhajoji ke magana da sabar Exchange, ita ce ta uku, kuma in don yawan bayani ne a kan folda, babu kamarta. Ta zo ne tare da Exchange 2007. Ka aika GetFolder ka nemi EffectiveRights, za ta ba ka amsa kai tsaye daga saba: karatu, gyara, gogewa, ƙirƙira, har da ko mutum yana iya ganin abubuwan da aka yi wa alamar sirri. Ka nemi PermissionSet, in kana da ikon gani, ta jero maka kowa da matakinsa. Akwai GetDelegate da ke kawo wakilan mutum da abin da aka ba kowanne a kalanda da akwatin shiga da sauransu. Matsalar ita ce daga cikin manhajar Office.js ƙofar ƙanƙanuwa ce. Hanyar ita ce makeEwsRequestAsync, tana buƙatar ReadWriteMailbox, tana karɓar wasu zaɓaɓɓun ayyuka ne kawai waɗanda GetDelegate ba ya cikinsu, kuma ba a yarda da ita ba a cikin akwatin da aka raba, wato daidai wurin da kake buƙatarta. Ga shi a shekarar 2025 Microsoft ta kashe tsofaffin tikitocin shiga na Exchange Online da wannan hanya ta dogara a kansu. Ita kanta EWS an daina ƙara mata komai tun 2018, kuma a watan Satumba 2023 aka sanar cewa daga 1 ga Oktoba 2026 za a fara toshe ta a Exchange Online. Wanda sabarsa ke ɗaki a ofis, sanarwar ba ta shafe shi ba, EWS tana nan masa, kuma daga saba ta bayan fage ita ce mafi dacewa da shi. Sai dai ya tuna Exchange 2016 da 2019 sun fita daga kulawa tun 14 ga Oktoba 2025, sai a koma sabon bugun Exchange mai suna Subscription Edition. Wanda kuwa akwatunansa ke Microsoft 365, kamar yawancin ƙananan kamfanonin da nake yi wa aiki, kar ya zuba sabon tubali a nan.

Wanda aka nuna wa kowa ya koma shi ne Microsoft Graph, sabuwar ƙofar shiga bayanan Microsoft 365, kuma a nan mutane da yawa ke shan mamaki. A kan kalanda Graph yana da baki: calendarPermissions zai jero waɗanda aka raba wa da matsayinsu, kalandar kanta tana ɗauke da canEdit da canShare da canViewPrivateItems. A kan wasiƙu kuwa babu inda za ka tambaye shi wa ke da Full Access ko Send As a akwatin wane. Abin da yake ba ka shi ne damar gwadawa. Ka nemi izinin Mail.Read.Shared ko Mail.ReadWrite.Shared, ka sami tikiti ta sabuwar hanyar da suke kira nested app authentication da MSAL, kayan aikin Microsoft na neman tikiti, ka nemi foldar shiga ta akwatin Alhaji. In ta buɗe, mutumin yana da karatu. In aka dawo maka da lambar kuskure 403, wani lokacin 404, ba shi da shi. Kar ka ruɗe da sunayen izinin nan, Mail.Read.Shared bai buɗe akwatin kowa ba, yana dai ba manhajarka damar bin mutum zuwa inda shi da kansa aka riga aka yarda ya shiga.

Da farko na raina wannan, na ga kamar rashin hanya ne aka sa wa suna. Daga baya na gane ita ce amsar da ta fi kowace gaskiya, domin Exchange da kansa ne ya yi lissafin a wannan daƙiƙar. Ya haɗa izinin da aka ba mutum kai tsaye, da wanda ya samu ta cikin rukuni, da wanda aka hana shi, ya ba ka sakamako. Kuma a kan aikawa, nan ne Graph ya yi wa tsohuwar hanya nisa. Da Mail.Send.Shared, in ka aika da sunan wani alhali ba ka da iko, a take za a mayar maka da ErrorSendAsDenied, manhajarka tana tsaye tana jira. Ba sai wasiƙar ƙi ta je ta kwanta a akwatin da ba a dubawa ba. Akwai ɗan bambanci da ya kamata ka riƙe: in ka aika ta ƙofar mai amfani da kansa ka sa sunan Alhaji a gurbin mai aikawa, izinin aikawa kaɗai ake nema, kwafin kuma yana zuwa foldar aikakku ta wanda ya danna. In ka aika ta ƙofar akwatin Alhaji, sai an haɗa da Full Access, kwafin kuma ya zauna a wurin Alhaji. Ga ofishin da maigida ke son ganin duk farashin da aka faɗa da sunansa, na biyun ne ya dace.

Abin da gwaji ba ya iya yi shi ne ya gaya maka tun kafin lokaci. Karatu kana iya gwada shi ba wanda ya sani. Aikawa kuwa ba a gwada ta sai an aika. Ajiye daftari a akwatin Alhaji bai nuna kana iya fitar da shi ba. Na taɓa jin shawarar a riƙa tura wasiƙar gwaji a ɓoye duk lokacin da manhaja ta buɗe, ban yarda da ita ba. Wasiƙa da sunan mutum ba tare da saninsa ba, ko babu komai a cikinta, cin amana ce, kuma tana barin sawu a rajistar da za a duba ranar da aka sami saɓani.

To in dole sai ka sani tun kafin a danna fa? Sai hanya ta ƙarshe, wadda ba a cikin Outlook take ba. Ka kafa ƙaramar saba a bayan fage tana magana da Exchange ta PowerShell, wato kayan ba da umarni na masu kula da tsari, manhajarka kuma ta riƙa tambayarta. A nan ne kaɗai ake samun amsa a kan kowane iri. Get-EXOMailboxPermission yana kawo masu Full Access. Get-EXORecipientPermission yana kawo masu Send As a Exchange Online, a sabar cikin gida kuwa Get-ADPermission ne. Masu Send on Behalf suna cikin GrantSendOnBehalfTo na akwatin. Get-MailboxFolderPermission na folda-folda ne. Ana haɗa sabar ba tare da kalmar sirrin kowa ba, da satifiket da izinin Exchange.ManageAsApp da matsayin da mai kula ya ɗora wa manhajar, tunda shiga da suna da kalmar sirri zalla an fara rufe shi a Exchange Online tun Oktoba 2022.

Zan ɗan daɗe a nan, domin wannan hanyar tana burge masu rubuta manhaja fiye da yadda ta kamata. Abu na farko, jerin da take bayarwa ɗanye ne. Za ka ga NT AUTHORITY\SELF a ciki, wato mai akwatin kansa, sai ka tace. Za ka ga an ba wani rukuni izini, ba mutum ba, sai ka buɗe rukunin ka duba ko akawun yana ciki, in da rukuni a cikin rukuni ka sake buɗewa. Za ka ga layin hani, wanda ke rinjayar na bayarwa. Wato lissafin da Exchange ke yi da kansa, kai ne za ka sake yinsa da hannu, kuma ranar da ka manta da ƙwaya ɗaya amsarka ta saɓa da tasa. Abu na biyu, lokaci. Microsoft da kanta ta ce sabon izini yana iya ɗaukar har minti 60 kafin ya kama. A cikin wannan sa'ar PowerShell zai ce maka an ba shi, Exchange kuma ya ƙi aikawa. Na ga wannan da idona ranar da muka gyara wa akawun Daura: an ba shi izinin bayan azahar, ya gwada nan take ya ƙi, sai da aka kusa la'asar ya wuce. Abu na uku, haɗuwar PowerShell tana da nauyi, ba a yin ta duk danni ɗaya, dole ka ajiye amsar na ɗan lokaci, ajiyayyar amsa kuma tana tsufa.

Na huɗun shi ya fi tsaya mini a rai. Satifiket ɗin nan makulli ne da ke ganin tsarin akwatunan ofis gaba ɗaya, wa ke shiga na wa. A ina za ka ajiye shi? Wa zai sabunta shi ranar da wa'adinsa ya cika, in kai ka tafi Kano ko ka canja aiki? Ofis mai mutum goma sha biyu, wanda mai kula da kwamfutocinsa ke leƙowa sau ɗaya a mako, bai kamata a ɗora masa wannan kaya don kawai a dushe madanni ɗaya ba. Ga kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023, wadda ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su da kuma taƙaita abin da yake tarawa ga abin da aikin ke buƙata. In za ka bi wannan hanya, ka nemi matsayin gani kawai, kar ka karɓi na canjawa ko an miƙo maka. Kuma sabarka ta amsa tambaya ɗaya, a kan wanda ya shigo da tikitinsa, kar ta zama taga da kowane ma'aikaci zai leƙa ya ga izinin kowa.

Inda ta cancanci wahalarta shi ne wurin da tambayar kanta ita ce aikin. Babbar makaranta ko ma'aikata mai ɗaruruwan akwatuna, inda ake son shugaban sashe ya buɗe Outlook ya ga jerin duk masu iya shiga akwatin sashensa, ya lura akwai sunan wanda aka yi wa canjin wurin aiki tun bara. Wannan babu mai amsa shi sai PowerShell, kuma irin wannan wurin yana da ma'aikatan da za su riƙe sabar.

Ga abin da na yi wa ofishin Alhaji. Na sauke tsohuwar manhajar na sake rubuta ta da Office.js. Da an buɗe wasiƙa, tana kiran getSharedPropertiesAsync ta san akwatin waye, ta duba lambar. In babu ikon da kwashe wasiƙa ke buƙata, sai ta dushe wannan ɓangaren ta rubuta dalili a ƙasansa. Madannin aikawa kuwa ba ta dushe shi ga kowa, tunda ba ta da hanyar sanin gaskiyarsa. In an danna, tana ajiye amsar a matsayin daftari tukuna, sannan ta aika ta Graph, ta tsaya ta ji abin da za a ce. Ba ta rubuta "an aika" sai Graph ya karɓa. In ErrorSendAsDenied ya dawo, allon yana nuna rubutu da Hausa, manya-manya: ba a aika ba, kana da izinin buɗe akwatin Alhaji amma ba ka da na aikawa da sunansa, amsarka tana nan a daftari, ka sanar da Hajiya. Na raba wannan saƙon da na yankewar intanet, don kar a je ana neman mai kula da tsari alhali layi ne ya ɗauke. In kuma an ce masa an riga an ba shi, akwai layi na biyu da ke cewa ya jira sa'a ɗaya ya sake dannawa.

Da na zo nuna musu, Alhaji ya tambayi bambancin izinin aikawa guda biyun. Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗaya zai nuna yaron ne ya rubuta da yawunka, ɗayan zai nuna kai ne da kanka." Ya yi shiru kaɗan, ya ce Hajiya ta ci gaba da aikawa da sunansa kamar yadda ta saba shekara da shekaru, na Daura kuwa a sa masa na yawu, dillalai su riƙa ganin sunansa a kai. Hajiya ta ɗauki biro ta rubuta hakan a littafin da take ajiye sunayen masu makullin sito, ta sa kwanan wata a gefe.